Takardun Tsibiri da Naman Sunan Ruwaida

Zuwa ga:
Mai girma Alhaji Ilya Maman Sani,
Shugaban Ƙungiyar Zumuncin Hausawa Mazauna Lyon da Kewaye,
Rillieux-la-Pape.

Daga:
Shamsiya Laminu, matar Malam Abdulrazak Habu,
mai katin ƙungiya lamba 212,
Villeurbanne.

Ranar Alhamis, 25 ga watan Afrilu, 2013.

Game da: Takardun binciken maigidana guda saba'in da uku da Kwamitin Mata ya ƙunshe naman suna da su ranar Lahadi 14 ga Afrilu, da kuma hana mu jerin sunayen gidajen da aka kai wa naman.

Mai girma Shugaba, Baba Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali da gajiyar shugabanci, ina neman izini in gabatar da ƙorafina a rubuce. Na kira ka a waya ranar Talata 16 ga wata ka ce kana tuƙi. Na sake kira ranar Juma'a 19 ga wata ka ce duk maganar da ba a rubuce take ba ƙungiya ba ta san da ita ba. To ga ta a rubuce. Ni karatuna a CM2, ajin ƙarshe na firamare, ya tsaya, in an ga wani wuri ya karkace a yi haƙuri a dubi maganar. Tsarin takardar na ɗauko shi daga irin wadda maigidana ke rubuta wa hukumar takardun zama, sauran kuwa daga bakina ne.

Kafin in shiga ƙorafin dole in fara da abin daɗi, don shi ya fi yawa. Ranar Lahadi 7 ga Afrilu, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, Allah ya sauke ni lafiya, na samu 'ya mace, kilo uku da giram ɗari huɗu, gashi cike da kai har ungozomar ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani. Cibiya ta faɗi ran kwana biyar. Tana kama nono kamar wadda aka yi wa alkawarinsa tun tana ciki. Kunnen ubanta ta ɗauko, Allah ya sa in ta girma kallabi ya rufa asiri, amma hancin namu ne na gidan Laminu. Na san 'yar fari ce, a gida kunya ba za ta bar ni in yi zancenta ba, balle in kama sunanta. Amma Innata tana Damagaram, ba ta samu biza ba, babu mai hararata a nan, kuma rubutu ba kira da baki ba ne. Sunanta Ruwaida. Kai ma kana zaune a sahun gaba aka raɗa shi, Allah ya saka da alheri.

Domin takardar nan ta tsaya da ƙafarta ko a hannun wanda bai san mu ba, zan faɗi aikin maigidana. Shekara huɗu ke nan yana karatun dokta a fannin tarihi a nan Lyon. A ƙungiya ana ce masa Malam na 'yan fashi, har wata ta taɓa tambayata ko ɗan sanda ne. Ba ɗan sanda ba ne, 'yan fashin nasa sun fi shekara ɗari huɗu da mutuwa. A wancan zamanin, yadda ya bayyana mini, jiragen ruwa kan taso daga wajen Tarabulus ko Aljaza'ir su faɗa wa ƙananan garuruwan da ke tsibiran tekun Bahar Rum da asuba, su kwashe mutane, mata da yara da masunta, su kai kasuwa. Jiragen Kirista su ma haka suke yi wa garuruwan Musulmi, ya ce kada in ɗauka hannu ɗaya ne ya yi ɓarnar. Ni da na ji sai na tuna labarin kakata na zamanin samame, lokacin da ake rufe ƙofar gari tun rana ba ta faɗi ba.

A wani ɗan tsibiri gefen Sisil, bayan an yi irin wannan samame, wani limamin majami'a da ya tsira don ya ɓuya cikin rijiya ya fito ya bi gida gida yana rubuta waɗanda aka ɗauka: suna, shekaru, sana'a, 'ya'ya nawa. Ya bar fili a gaban kowane suna, duk shekara yana komawa ya cika, wannan an fanso shi, wannan ta rasu a can, wannan ba labari. Littafin yana nan har yau a wani ɗaki bayan majami'ar. Tsohon da ke riƙe da makullin ɗakin ya hana hoto, ya hana fotokofi, ya hana ko bik mai tawada, sai kireyon, wato fensir irin na 'yan lakwal. Maigidana ya zauna mako shida a kan kujerar katako, daga farkon Fabrairu zuwa tsakiyar Maris, ni ina nan da tsohon ciki ina hawan bene huɗu, ya kwafe littafin da hannunsa, takarda ɗari da arba'in, kowace da lambarta a sama. Ya dawo ya zuba su cikin kwalin ayaba da ya samo a kanti. Sittin na farko ya shigar da su cikin ordinata, wato kwamfuta, ya mayar da su ƙasan kwali. Tamanin da bai shigar ba suna sama, yana jiran a gama suna.

Ga ƙorafin dalla-dalla.

1. Ranar Lahadi 14 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe, Kwamitin Mata ya iso gidanmu cikin mota uku, ƙarƙashin jagorancin Hajiya Hassia, wadda a ƙungiya shugabar kwamiti ce, a gida kuma uwargidanka. Ina shaida sun yi aiki. Rago biyu da muka karɓo daga mahauci sun soye su tas kafin azahar, sun dama mini kunun kanwa irin wanda rabona da shi tun gida, sun goge kicin har ya fi yadda suka same shi. Don a samu wurin shimfiɗa tabarmi sai aka kwashe kayan falo, aka kai kwalin ayaba kicin aka tura ƙarƙashin tebur. Maza duk suna zauren da aka ara don addu'a, har da maigidana. Ni ina ɗaki ana gasa mini jiki da ruwan zafi. Maƙwabciyata Safi, wadda na ɗora wa tsaron kayan gidan, ta sauka neman kantin magani da ke buɗe ranar Lahadi, don kirim ɗin jaririya ya ƙare. Maigidana ya taɓa gaya mini cewa a tsibirin nan ma akwai mai gadi a kan hasumiya, ranar da jiragen suka zo ya sauka shan ruwa.

Wajen ƙarfe biyu da rabi takardar alu, mai ƙyallin nan da ake ƙunshe nama da ita, ta ƙare, an yi ƙunshi goma kacal. Lahadi ce da rana, kantuna a rufe. A gida kowa ya san da me ake ƙunshe naman suna, takardar siminti ko tsohuwar jarida. Hajiya ta duba ƙarƙashin tebur ta ga kwali cike da takardu masu kauri, farare, girmansu ɗaya, kamar don aikin aka yanka su.

2. Ba na cewa an yi gaggawa, domin an yi bincike, kuma ina son a rubuta wannan a gefen Hajiya. Matan da ke wurin sun shaida mini cewa ta ɗaga takarda ɗaya ta duba ko akwai rubutun Arabiyya, kada a naɗe nama da sunan Allah. Babu. Ta miƙa wa wata mai digiri biyu ta duba ko Faransanci ne, ta ce ba ta gane ko kalma ɗaya ba, don yaren limaman majami'a ne na da. Aka duba ko akwai hatimin hukuma ko sa hannu. Babu. Aka kuma ga da kireyon aka yi rubutun, aka ce babban mutum mai neman dokta ba zai ajiye abu mai muhimmanci da kireyon cikin kwalin ayaba ba. Da waɗannan hujjoji huɗu kwamiti ya yanke hukunci cewa shara ce. Abu ɗaya da ba a yi ba shi ne taku shida zuwa ƙofar ɗakina a tambaye ni. An ce ba a son a tayar da mai jego. Na gode da tausayin.

An ɗiba daga sama, takarda saba'in da uku, daga lamba 61 zuwa lamba 133. Kafin la'asar an raba su Villeurbanne da Rillieux, wasu kuma sun kama hanyar Paris. Mutanen tsibirin nan, Baba Alhaji, sau biyu ke nan ana kwashe su daga inda suke zaune lafiya a watsa su gidajen da ba su sani ba. Na farko an zo musu da jiragen yaƙi, na biyu mota uku ta wadatar.

3. Maigidana ya dawo bayan la'asar da babbar rigarsa, fuskarsa sai haske, ya ɗauki 'yarsa ya yi mata addu'a, sannan ya shiga kicin shan ruwa. Na ji shiru ya yi yawa na leƙa. Na same shi zaune a ƙasa gaban kwalin, hularsa a hannu. Ya yi salati sau ɗaya, ya tashi ya fita falo ya yi wa matan godiya ɗaya bayan ɗaya, har ya raka su mota. Har yau ya ƙi ya buɗe baki a kan maganar, ya ce Hajiya ce ta ciyar da shi duk sanyin farko da ya zo ƙasar nan bai san kowa ba, ba zai kai ƙarar hannun da ya ba shi tuwo ba. Ni lokacin ina Damagaram, ban ci tuwon ba, shi ya sa takardar nan da sunana take. Bai san na rubuta ba.

Washegari, Litinin 15 ga wata, na kira Hajiya na gaishe ta da gajiya, na gode mata, sannan na gaya mata abin da ya faru, na roƙi jerin gidajen da aka kai wa nama don mu bi mu karɓo takardun. Ta yi juyayi ƙwarai, ta ce babu wani jeri, da ka aka yi rabon. Ranar Laraba 17 ga wata Safi ta tuna mini cewa da ta dawo daga kantin magani ta ga Hajiya da littafi mai jan bango tana rubutu, ana ɗaga ƙunshi tana faɗin suna. Na sake kira. Ta ce littafin akwai shi, amma sirrin kwamiti ne, ba a taɓa nuna wa wanda ba ɗan kwamiti ba, kuma ba za a fara a kaina ba.

Mai girma Shugaba, kowa a ƙungiyar nan ya san abin da ke cikin sirrin. Gaban kowane suna an rubuta irin naman da aka kai, wane tsokar cinya, wane haƙarƙari, wane ƙashi da kitse. In littafin ya fita, wasu da ke gaisawa yau za su daina. Na fahimci wannan, ni ma ba na son a ce sunan 'yata ne ya raba zumunci. Amma ni ban tambayi wa ya ci cinya ba. Wanda ya ci, Allah ya sa ta zame masa lafiya. Abin da aka naɗe cinyar da shi nake nema.

4. Da na ga haka sai na goya 'yata, ni da Safi muka shiga bin gidaje da ka, muna tambayar kowa wa ya gani da ƙunshi. Ruwaida ta hau taram, jirgin ƙasan cikin gari, tana da kwana goma sha ɗaya, ta yi barci tun daga tasharmu har ƙarshen layi, wata tsohuwar Baturiya ta ba mu wurin zamanta ta yi ta kallon gashin. Ga abin da muka samu.

Wajen ɗalibai gwauraye na Villeurbanne mun karɓo goma sha tara. Sun cinye naman tun ran sunan kafin magariba, amma da yake ba sa fitar da shara sai mako ya zagayo, takardun suna nan a kwandunansu ƙarƙashin ɓawon ƙwai. Ban taɓa zaton zan yi wa ƙazantar gwauro addu'a ba.

A Rillieux mun karɓo ashirin da uku, yawancinsu daga gidan ƙanƙara na firigo, nama da takarda sun daskare tare, sai mun zauna an ba mu shayi muna jira su saki. Wata baiwar Allah a hawa na tara, ba zan kama sunanta ba, da ta ji sunayen matattun Nasara ne a jikin takardar sai ta ƙona biyu a kan murhu kafin mu iso, naman kuwa ta cinye shi. Wani gida kuma sun jefar da ɗaya, sun faɗa mana gaskiya, mun gode musu.

Malam Adoum, ɗan kasuwar nan ɗan Cadi da ya zo mana suna daga Sevran ta gefen Paris, ya koma da ƙunshi tara a jirgin ƙasa don 'yan'uwa na can. Mutanen da aka yi kwana da kwanaki ana ja a teku kafin a kai su kasuwa, wannan karon cikin awa biyu suka isa Paris. Waya ɗaya na yi wa matarsa Hapsatou. Ta bi benayen unguwarsu ƙofa ƙofa, ta karɓo duka tara, ta goge su, ta sa a ambulan ta aiko ta gidan waya, suka iso ranar Litinin 22 ga wata, har da 'yar riga mai ruwan ɗorawa ta sa wa jaririya a ciki, ta yi mata daidai kamar an gwada. Ina son a lura cewa Hapsatou ba 'yar ƙungiyarmu ba ce, ba ta da kati, ba ta da kwamiti.

Jimla hamsin da ɗaya sun dawo gida. Uku mun san sun tafi ke nan. Goma sha tara ba labari.

Abin mamaki, tsohon da ya hana bik shi ya cece mu, don mai ba ya narkar da kireyon. Takardar takan yi shara-shara kamar gilashi amma rubutun yana nan. Ina sa kowace tsakanin tsumma biyu in bi ta da dutsen guga, in shanya ta a igiyar da nake shanya kayan Ruwaida, ga 'yar safa ga masunci, ga 'yar hula ga matar mai gasa burodi. Gidan duk ƙamshin yaji yake, maigidana yana zaune yana shigar da su cikin ordinata yana haɗiyar miyau.

A kan wannan fita da na yi, Hajiya ta aiko mini da faɗa ta bakin mutum biyu, cewa mai jego ba ta fita kafin arba'in, iska za ta shige ni, kuma in Innata ta ji ranta zai ɓaci. Gaskiya ta faɗa, uwa ce. Ina dai sanar da ƙungiya cikin ladabi cewa da an buɗe littafi mai jan bango na minti biyar, da ina kwance ina shan kununa, waya kawai za mu yi.

5. Kada a ɗauka rigimar takarda ce kawai. Madam Odile, malamar da ke duba aikin maigidana, ta zo barka ranar Asabar 20 ga wata da kyautar bargo. Ta ɗauki yarinya ta ce ba ta taɓa ganin jariri mai kallon mutum ido cikin ido haka ba, kuma mace ce da ta ga jarirai. Sannan ta ga igiyar shanya. Ta matsa ta karanta, ta shinshina, ta yi dariya har ta zauna. Ta ce ranar Juma'a 31 ga Mayu ce ranar ƙarshe ta miƙa littafin dokta, an riga an ƙara masa lokaci sau ɗaya, dokar makaranta ba ta ba da na biyu. Babin da ya fi kowane nauyi a kan jerin nan ya tsaya, mutum nawa aka ɗauka, nawa suka dawo, bayan shekara nawa. Uku da suka ɓace za a iya bayani a ƙasan shafi. Ashirin da biyu ba za a iya ba. Komawa tsibirin kuma babu hali, don tsohon mai makulli ya kwanta asibiti tun ƙarshen Maris, an rufe ɗakin sai an naɗa wani, ba wanda ya san yaushe.

In bai miƙa ba, ba dokta, shekara huɗu sun tafi, kuma takardar zamanmu da ke ƙarewa a watan Oktoba a kan karatun nan take rataye. Ni ba na ƙin gida, ina marmarin Innata ta ga jikarta. Amma ina son mu sauka da abin da muka zo nema, kada a tambaye shi ina doktan ya ce an ci da yaji.

Kuma lokaci ba ya jiranmu har 31 ga Mayu. Takardun da suka rage suna cikin firigon mutane ne. Duk ranar da wata ta rasa abin sa wa miya, za ta buɗe ta ciro ƙunshi, ta juye nama a tukunya ta jefa takarda a shara. Yau kwana goma sha ɗaya da suna. Naman suna ba ya kai wata a gidan da akwai yara.

6. Wannan na ƙarshe ban san ko ya dace da takardar hukuma ba, amma zan faɗa. Cikin goma sha tara da ba labari, goma sha ɗaya a warwatse suke, nan ɗaya can ɗaya. Takwas kuwa a jere suke, daga lamba 101 zuwa 108. Safi da ta ga ƙarshen aikin ta ce ƙaramin ƙunshi takarda ɗaya yake ci, na haƙarƙari biyu, na tsokar cinya kuwa sai huɗu saboda nauyi da mai. Takwas a jere ke nan manyan ƙunshi biyu ne da aka yi a lokaci guda. Ta ce ta ga manya biyu an sa su cikin koren buhu daban, an kai bayan wata mota mai ruwan toka. Ban ce motar wane ce ba. Motoci masu ruwan toka suna da yawa a Lyon, ko taka ma ai irin launin ke gare ta.

Takarda mai lamba 100 ta dawo hannunmu ranar Juma'a 19 ga wata. Ina gugarta na ce wa maigidana ya karanta mini layin ƙarshe, don na ga ya fi sauran tsawo. Ya ce wata ce Anjela, matar mai gyaran tarun kifi, shekararta goma sha tara, an ɗauke ta da jaririya mace 'yar kwana goma sha biyu a hannu, mijin yana teku bai sani ba. Limamin ya yi dogon bayani a kanta, bai ƙare a nan ba, ya tsallaka takarda ta gaba. Ran nan Ruwaida kwananta goma sha biyu cif, tana kwance a kan kujera kusa da ni tana motsa baki cikin barci. Na tambaye shi yaya aka ƙare. Ya ce sunaye kusan dubu ya kwafa, ya san akwai wata mai jaririya da aka fanso bayan shekara shida, akwai kuma wata da aka raba ta da tata a kasuwa, ya kasa tuna wacce ce Anjela. Na kashe dutsen guga na shiga ɗaki na ɗan jima. Tun ran nan in ina ba da nono sai ta faɗo mini a rai. Na san shekara ɗari huɗu sun wuce, duk yadda aka yi an riga an yi. Duk da haka amsar tana rubuce da hannun mijina a takarda mai lamba 101, kuma takardar tana cikin ƙanƙara a gidan wani a garin nan.

Saboda haka, Mai girma Shugaba, ina roƙon ƙungiya cikin girmamawa:

Na farko, a umarci shugabar Kwamitin Mata ta ba mu sunayen gidajen da aka kai wa nama kafin ranar Asabar 27 ga wata. In sirrin ne abin tsoro, ta ninke shafin ta rufe gefen da aka rubuta cinya da ƙashi, ko ta karanto mini sunayen a waya ina rubutawa. Na yi alkawari ba zan tambayi komai bayan suna ba.

Na biyu, a yi sanarwa a taron wata na ranar Lahadi 28 ga Afrilu, a kuma tura saƙo a wayar kowa tun yau, cewa duk mai ƙunshin sunan gidan Malam Abdulrazak ya ci namansa da sunan Allah, ya ajiye takardar. Kada a wanke ta, kada a goge ta da soso, kada a ji kunyar mai ko yaji, a kawo ta yadda take. Wanda ba ya son a san girman ƙunshinsa ya zura ta cikin akwatin wasiƙunmu ba suna, ba mai tsayawa a taga.

Na uku, wanda ya riga ya jefar ya faɗa mana, ba fushi, don mu cire gidansa daga lissafi mu daina hawan benensa da jaririya.

Na huɗu, nan gaba kwamiti ya riƙa sayen takardar alu tun ranar Asabar.

Na biyar, tunda shugaba shi ke gaba a kowane aikin alheri, kamar yadda kake gaba a sahu da wajen rabo, ina roƙon Baba Alhaji ya fara da buɗe nasa firigon kafin ya umarci kowa, ya duba can ƙasa wajen ƙanƙara. In ya ga lamba 101 a saman wata takarda, kada ya jira taro, ya kira ni ko yana tuƙi, Safi za ta zo ta karɓa.

Ba na neman a hukunta kowa, ba na neman a ba ni haƙuri a gaban jama'a. Hajiya uwata ce a ƙasar nan, ranar arba'in ma ita nake so ta zo ta dama kunun, don babu mai hannunta. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da nisan kwana, ya bar zumunci, ya raya mana abin da muka samu. Zan tsaya nan, mai gidan ta farka tana neman haƙƙinta, ita ba ta san a rubuto ba.

'Yarka mai biyayya,

Shamsiya Laminu
(Maman Ruwaida)

Kwafi zuwa ga: Hajiya Hassia, Shugabar Kwamitin Mata, ta hannun Mai girma Shugaba, tunda hanyarku ɗaya.